Fim ɗin De Sica na satar keke: me za a ɗauka daga cikinsa a Maraɗi?

Ɗan Mokoyo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga waɗanda suka san harkar sinima. Ƙungiyarmu ta samari masu wasan kwaikwayo a nan Maraɗi tana shirin gajeren fim, kamar na minti 20. Labarin ɗan kabu-kabu ne da aka sace wa moto, moton kuma ba nasa ba ne, na wani alhaji ne da yake kai wa kuɗi kullum. Shi da ɗansa suka bazama cikin gari nema. Duk wanda ya karanta rubutun sai ya ce mu je mu kalli fim ɗin Vittorio De Sica na 1948, wanda aka fi sani a nan da sunan Faransanci, Le Voleur de bicyclette. Mun kalle shi. Ya taɓa mu ƙwarai, amma ba mu gane yadda aka gina shi ba, don a ido kamar an kafa kamara a titi ne kawai mutane suna wucewa.

Mene ne a cikinsa da har yau ake koyar da shi? Da gaske ne tasirinsa ya iso Afirka, har nan Nijar? Kuma mu da ke da kamara ɗaya, waya biyu da mikro ɗaya, me za mu ɗauka daga salonsa ba tare da mun kwafi aikin wani ba? Allah ya saka da alheri.

Malam na Bagalam ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da sunan, don Faransawa sun rage masa ma'ana. Da Italiyanci Ladri di biciclette ne, wato ɓarayin kekuna, jam'i. Ɓarayi biyu ne a fim ɗin: saurayin da ya sace keken Antonio Ricci, da Antonio kansa a ƙarshe. Ginin gaba ɗaya hanya ce daga sata ta farko zuwa ta biyu, yadda mai kallo zai iso wurin ta biyun yana roƙon Allah kada a kama ɓarawo.

Ku sake kallonsa da agogo a hannu. Fim ne na kusan awa ɗaya da rabi, amma ba a sace keken ba sai bayan kamar minti 20. Wannan minti 20 ɗin ne harsashi. Antonio ya shekara biyu ba aiki. Aka kira sunansa a ofishin raba aiki na unguwar Val Melaina, a gefen birnin Rum, aka ba shi aikin liƙa takardun talla a bango, da sharaɗi guda: sai mai keke. Nasa keken yana gidan jingina. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadonsu, na kayan aurenta, ta wanke, suka kai jingina aka ba su lira (kuɗin Italiya na lokacin) 7,500, suka fanshi keken a kan 6,100. A wurin nan kamara ta bi ma'aikacin gidan yana hawan katako da ƙunshin zannuwan, sai ka ga ƙunshi bisa ƙunshi har rufin ɗaki, na sauran talakawan gari. Ba wanda ya buɗe baki ya yi zancen talauci. Sannan aka nuna yaron, Bruno, da sassafe yana goge keken, ya ga an lotsa shi a gidan jingina, ransa ya ɓaci. Kafin a sace keken kun san kuɗinsa, kun san abin da aka rabu da shi don a same shi, kun san wanda ke ƙaunarsa. Fina-finai da yawa da suka kwaikwayi wannan labari a nan suke faɗuwa: sata a minti na biyu, mai kallo bai san abin da aka rasa ba, to me zai dame shi?

Na biyu shi ne lokaci. An ba shi aikin ran Juma'a, an sace keken ran Asabar, ranar farko ta aiki, yana kan tsani yana liƙa hoton ƴar wasan Amurka Rita Hayworth. Lahadi kawai gare shi ta nema. In Litinin ta yi ba keke, aiki ya tafi. A cikin wannan yini ɗaya da rabi yana buga ƙofa bayan ƙofa: ofishin ƴan sanda, inda aka rubuta lambar keken aka ce ya je ya nema da kansa, abokinsa Baiocco mai kwasar shara, kasuwar Piazza Vittorio, inda ake wargaza keke a sayar da shi gunduwa-gunduwa, ƙararrawa nan, famfo can, taya a wani tebur, kasuwar Porta Portese, cocin da ake yi wa talakawa aski a ba su miya, gidan mai duba, wadda ta ce masa ko ya same shi yanzu ko ba zai same shi ba har abada, daga ƙarshe unguwar ɓarawon. Ku lura da abu guda, don shi ne ya fi wuyar rubutawa: ba mugu ko ɗaya a bakin waɗannan ƙofofi. Kowa yana da dalilinsa. Ɓarawon ma da aka same shi, yaro ne mai farfaɗiya, yana kwana a ɗaki ɗaya da uwarsa, maƙwabta suka taru suka tsaya masa. Ɗan sandan da Bruno ya kirawo ya bincika ɗakin, ya gaya wa Antonio gaskiya: ba keke, ba shaida, unguwa duka za ta rantse wa yaron.

Na uku shi ne Bruno, kuma a ganina shi ne ran fim ɗin. Littafin Luigi Bartolini na 1946 da aka ɗauko labarin daga ciki ba a kan uba da ɗa aka gina shi ba; Cesare Zavattini da De Sica da abokan rubutunsu ne suka kafa yaron a tsakiya. Aikinsa kallo. Duk abin da uban ya yi, kamara tana komawa fuskar yaron. Da Antonio ya mare shi don takaici, ba a yi dogon zance ba, sai tazara ta shiga tsakaninsu a cikin hoton, yaro yana tafiya can gefe. Da aka yi ihu wani yaro ya faɗa kogi, uban ya ruga, sai ga Bruno tsaye a saman matakala. A ƙarshe, kusa da filin ƙwallo, Antonio ya ba shi kuɗin mota ya ce ya tafi, don kada ya gani. Yaron bai samu shiga ba. Ya ga ubansa a kan keken sata mutane suna binsa, ya ga an kama shi ana mari. Mai keken ya dubi yaron ya ce a sake shi. Bruno ya ɗauko hular ubansa daga ƙasa yana kaɗe mata ƙura, ya kama hannunsa, suka shige cikin taro. Cire yaron daga wannan fitowa, abin da ya rage labarin sata ne kawai.

Batun cewa kamar an kafa kamara ne a titi, wannan shi ne babban kuskuren masu koyi. Komai shirye yake. Ruwan saman Porta Portese ƴan kwana-kwana ne suka zuba shi da tiyo. (Cikin ɗaliban cocin da suka fake a jikin bango kusa da uban da ɗan akwai Sergio Leone yana saurayi, wanda daga baya ya shahara da fina-finan kaboyi.) Jama'ar da ke wucewa a gaban kamara an tsara inda kowa zai bi. Carlo Montuori, mai ɗaukar hoton, tsohon hannu ne tun zamanin fim marar magana. De Sica kuma fitaccen ɗan wasa ne tun shekarun 1930, shi ya sa ya iya da waɗanda ba su taɓa wasa ba: yakan yi musu motsin da kansa su kwaikwaya. Lamberto Maggiorani, mai fitowa a Antonio, ma'aikacin masana'antar Breda ne. Lianella Carell, Maria, ƴar jarida ce. Enzo Staiola, Bruno, a titi aka gan shi cikin ƴan kallo. Furodusan Amurka David O. Selznick ya yi tayin kuɗi in za a ba tauraron fim Cary Grant matsayin Antonio, De Sica ya ƙi, ya nemi kuɗin a wurin abokai. Fim ɗin ya samu Oscar ta girmamawa a 1950, kuma a 1952, da mujallar Sight and Sound ta fara tambayar masu sharhi fim mafi girma a tarihi, shi ya zo na ɗaya.

Hajiya ta Sabon Gari ta rubuta:

Malam ya gama da ginin, bari in ɗauki batun tasiri. Ɗana, salon nan da Italiyawa suka kira neorealismo, wato sabon salon nuna zahiri, bai daɗe ba a gidansu. Ya tashi da Roma città aperta na Roberto Rossellini a 1945, lokacin da Cinecittà, babban gidan shirya fim na Rum, ya zama sansanin ƴan gudun hijira, dole aka fita titi. Zuwa 1952, bayan Umberto D. na De Sica, wanda ɗan siyasa Giulio Andreotti ya soka a fili don yana nuna wa duniya talaucin Italiya, ya fara dusashewa. A waje ne ya yi jikoki.

Indiya tana cikin waɗanda suka fara karɓa. Satyajit Ray ya kalli fim ɗin a Landan a 1950, ya koma gida da niyyar yin nasa a ƙauye da mutanen da ba ƴan wasa ba, shi ne Pather Panchali na 1955. Wanda ya fi kusa da ku shi ne Do Bigha Zamin na Bimal Roy, 1953: manomi ya tafi Kalkata yana jan keken ɗaukar mutane don ya fanshi gonarsa, ɗansa yana goge takalma. Na ambace shi ne don akwai waƙoƙi a ciki. Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya da na Kano, kada wani ya ce muku nuna zahiri yana nufin haramta waƙa. Abin dubawa shi ne ko waƙar ta fito daga rayuwar mutanen ko an liƙa ta ne.

A Afirka, ku nemi Borom Sarret na Usman Sembene, 1963. Kusan minti 20 ne, daidai tsawon da kuke so, kuma ya fi muku amfani a matsayin ma'auni fiye da na De Sica. Mai amalanken doki ne a Dakar, yini guda. Ya ɗauki waɗanda ba su biya ba, ya kai wani uba da gawar jaririnsa maƙabarta, maroƙi ya wasa shi ya miƙa masa ɗan abin da ya samu, sannan wani mai kwat ya sa shi shiga unguwar Plateau inda aka hana amalanke. Ɗan sanda ya ƙwace amalanken. Ya koma gida hannu rabbana, matarsa ta miƙa masa jariri ta fita neman abin da za a ci. Sembene a Mosko ya koyi aikin fim, amma masu sharhi sun daɗe suna jera wannan fim da na De Sica, kuma dalilin a fili yake: kayan aiki guda da abincin gida ya rataya a kai, yini ɗaya, birni mai ƙofofi a rufe.

Nan gida kuwa a yi hattara da zance. Umaru Ganda ta hannun Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch ya shiga sinima, a Moi, un noir na 1958, lokacin yana aikin ƙarfi a Abijan. Hanyarsa daban ce da ta Italiyawa, ko da yake sun haɗu a wuri guda: mutum na gaske, titi na gaske, labarin da ya fito daga rayuwarsa. Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indocin kuɗinsa suka ƙare a hannun abokai, an nuna shi a bikin fina-finai na Cannes, a Faransa, a 1969, kuma Le Wazzou polygame ne ya ci kyautar Etalon de Yennenga (mai siffar doki) ta farko a FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar wannan doki. Abin takaici ne a ce samarinmu sun san fim ɗin Rum ba su ga na Ganda ko na Mustafa Alasan, shi ma mai shirya fim na Nijar, ba.

Iraniyawa sun rage abin da ake nema ya koma ƙarami: a fim ɗin Majid Majidi na 1997 takalmin ƙanwa ne ya ɓata, yara biyu suna karɓa-karɓa da takalmin yayan zuwa makaranta. Wang Xiaoshuai ya maimaita keken a Beijin a 2001. Na baya-bayan nan, L'Histoire de Souleymane na Boris Lojkine, 2024: ɗan Gini yana kai abinci a keke a Paris da rajistar wani da yake haya, saura kwana biyu a yi masa tambayoyin neman mafaka. Abou Sangaré da ya fito a ciki makaniki ne, ya ci kyautar ɗan wasa a sashen Un Certain Regard na Cannes. Yana aiki da abin da ba nasa ba, kamar ɗan kabu-kabunku.

Abu ɗaya nake ƙi a fim ɗin De Sica, kuma kada ku gaje shi. Maria ce ta warware matsalar farko, ita ta ɗauko ruwa bokiti biyu mijin yana gaba, sai daga baya ya karɓi ɗaya, ita ta yaye zannuwa, amma da aka shiga nema sai fim ya manta da ita. A Maraɗi matar ɗan kabu-kabu ba za ta zauna jira ba. Tana da adashi, tana da akuya, tana da ƙawar da mijinta ke gyaran moto. Ku ba ta nata neman.

Mai Montaj ya rubuta:

Ɗan'uwa, ga ɓangaren aiki. Minti 20 shafi 20 ne a rubuce, shafi ɗaya minti ɗaya. Da ƴan wasan da ba su saba ba kada ku sa ran wuce shafi uku a yini, wato kwana bakwai, ku ƙara biyu na gyara. Ku lissafa za ku ɗauki ninki goma na abin da zai shiga fim, minti 200. In kamarar tana rubuta megabit 100 a daƙiƙa, minti ɗaya megabait 750 ne, jimla gigabait 150. Kowane dare a kwafe katin a faifai biyu daban kafin a goge shi.

Sauti ne zai kashe ku ko ya raya ku, ba hoto ba. Italiyawan ba su ɗauki magana a titi ba, a ɗaki aka ɗora murya daga baya, muryar Antonio ma ta wani ce. Sembene da Rouch duk haka suka yi a finafinan da Hajiya ta ambata. Ku kuna da zaɓi biyu, ku haɗa su. Mikron maƙalawa a ƙirji, tazarar taƙi ɗaya daga baki, a ƙarƙashin riga, a manne wayarsa da filasta don kada yadi ya goge shi. Waya ɗaya ta zama rakoda a aljihun ɗan wasan, a kan kilohaz 48, ƙarar kada ta wuce -12 a ma'aunin rakodar. A tafa hannu a gaban kamara farkon kowace ɗauka, da shi za a daidaita baki da murya. Da an gama fitowa, kafin ɗan wasan ya huce, a shigar da shi mota a rufe gilashi ya maimaita maganganunsa sau biyu. Sannan kowa ya yi shiru a ɗauki minti ɗaya na ƙarar wurin. In ba ku yi wannan ba, wurin haɗawa za ku ji injin niƙa a bayan maganar uba, babu shi a bayan amsar ɗa, kunne kuma ba ya yafe wannan.

In dole sai an ɗora murya a ɗaki: katifu a jingine a bango, bargo a ƙofa, a kashe fanka. Kada a ba mutum takarda. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, wanda bai saba ba in yana karantawa sai muryarsa ta miƙe kamar mai sanarwa. A kunna masa jimlar da ya faɗa a titi sau uku, ya maimaita da kunne.

Hoto: firam (hotuna) 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da kamara ke barin haske ya shiga) a kan 1/50 na daƙiƙa, don wutar lantarkinmu mai bugu 50 a daƙiƙa ce, in kuka saɓa fitilun shago za su riƙa kyaftawa. Da rana 1/50 zai ƙone hoton, sai da gilashin rage haske a gaban lens. A kulle haske da launi da hannu, kada a bar kamara tana canzawa da kanta. Lokacin ɗauka daga fitowar rana zuwa tara da rabi, sai bayan la'asar zuwa magariba. Tsakar rana tana zuba inuwa a ramin ido, fuskar baƙin mutum ta ɓace, farar riga ta ƙone. Don haka jarumin kada ya sa farin yadi: toka-toka, shuɗi ko ruwan ƙasa. A auna haske a kan fuska, a mayar da shi da farin kwali daga ƙasa. Fitowar da labari ya ce azahar ce, a yi ta a rumfa ko zaure. Watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, waya tana ɗaukar zafi ta tsaya da kanta. A cire mata riga, a riƙe mata laima, a kashe ta tsakanin ɗauka. Lokacin hunturu hasken ya fi taushi, amma kada a canza lens a fili, ƙura za ta shiga.

Kada ku girgiza kamara da sunan zahiri. De Sica a kan ƙafa take ko tana tafiya sumul. Don bin masu tafiya, mai kamara ya zauna a kura ko bayan adaidaita da aka kashe injinta, mutum biyu su tura, a ɗan rage iskar taya. Duk lokacin da za a nuna abin da yaron ya gani, a sauke kamara daidai idonsa. Ku zaɓi gefe guda na tafiya, a ce daga hagu zuwa dama, ku riƙe shi duk tsawon neman. Ranar da suka juya gida a juya shi.

Ƴan kallo: ku kafa kamara rabin awa kafin a fara, mutane su gaji da ita. Ku sa naku mutum takwas zuwa goma a gaba, su ne za su cika hoton, sauran jama'a su zama na nesa. Litinin da Juma'a babbar kasuwa ta cika, ranakun ɗaukar nesa ne daga saman bene. Fitowar da ke da magana a bar ta wata rana.

Ɗan Mokoyo ya rubuta:

Na gode, Malam, Hajiya, da yayana Mai Montaj. Mun koma kan rubutun, satar tana shafi na biyu, za mu matsar da ita. Saura biyu: mu yi shi baƙi da fari? Kuma a namu ma uban yana satar moton wani a ƙarshe. Mu bar shi haka?

Malam na Bagalam ya rubuta:

Baƙi da fari ba zaɓin ado ba ne a 1948, da shi ake ɗaukar fim a Italiya a lokacin. Ku ɗauka da launi. Jar ƙasar unguwa, koren daminar gulbi, launin moton da ake nema a cikin ɗaruruwan irinsa, duk labari suke bayarwa. In an gama haɗawa kuna iya cire launin ku gwada, amma wanda ya ɗauka babu launi ba ya iya mayar da shi.

Ƙarshen kuwa ku canza shi. Uba ya saci moto a gaban ɗansa, wannan na De Sica ne, duk wanda ya san fim ɗin zai gane. Tambayar da za ku ɗauka ita ce: wane abu ne mutumin kirki zai yi in ya ƙure, wanda zai fi son ƙasa ta haɗiye shi da ɗansa ya gani? Amsar Maraɗi daban ce da ta Rum. Yana iya rantsuwa a kan ƙarya a gaban alhajin. Yana iya sayar da keken ɗinkin matarsa ba da saninta ba. Yana iya nuna wani yaro da bai tabbata ba ya ce shi ne, jama'a su rufar masa, ɗansa yana tsaye. Haka ƙofofin: Antonio kusan shi kaɗai ne, naku yana da tashar ƴan kabu-kabu, mai unguwa, limami, dangi, malamin duba, masu sayar da kayan moto na hannu. Sai kun nuna dalilin da kowannensu ya kasa, in ba haka ba mai kallo na nan zai ce ai da ya je wurin wane. Agogonku ma ya fi nasu tsanani, don iyaka ba nisa, moto yana iya ƙetarewa ta Ɗan Isa kafin azahar, ko a wargaza shi kafin dare. Ku sa wani ya faɗi wannan a farkon neman.

Ƴan wasan da za ku ɗauko daga tasha, ku gaya musu gaskiya tun farko: aikin kwana tara ne, ba sabuwar sana'a ba. Maggiorani ya koma masana'anta bayan fim, ba a daɗe ba aka sallame shi a ragin ma'aikata, ya yi shekaru yana bin ƙananan fitowa da aikin gini. Ku biya ɗan kabu-kabun abin da yake samu a yini da wanda yake kai wa mai moto. Yaron kuma da yardar iyayensa a rubuce, babba daga gidansu yana wurin, awa uku zuwa huɗu a yini, ba a lokacin makaranta ba, kuma kada a ɗora shi a moto a fitowar gudu.

Fitowar kama ɓarawo, kowace iri kuka zaɓa, ita ce mai haɗari. Kada wani ya yi ihun "ɓarawo" a buɗaɗɗen titi. Wanda ya fito daga lungu bai ga kamara ba, dutse zai ɗauka. Ku samu takardar izini daga ofishin magajin gari, ku kai kwafi komisariya, ku gaida mai unguwa kwana biyu kafin ranar, ya sanar da gidajen layin. Ku zaɓi lungu mai baki biyu, dattijon unguwa ɗaya a kowane baki. Duk wanda zai bi ɓarawon naku ne, an ƙirga su, an yi gwaji sau uku a hankali. Su buɗe baki ba sauti, ihun a ɗauke shi daban a cikin gida a ɗora. A yanka fitowar gida shida: hannu a kan moto, fuskar mai shi, gudu daga nesa, ƙafafun masu bi, kamawa, fuskar yaro. Marin a yi shi kamara tana bayan wanda ake mari, hannu ya wuce da tazarar taƙi, ƙarar a ƙara ta wurin haɗawa. Fuskar yaron a ɗauke ta ita kaɗai, da farko, kafin ya gaji, wani babba da ya yarda da shi yana tsaye inda ake so ya duba.